Amsar Ya Falmata

Litinin, 13 ga Janairu, 2003
Kaset ɗin Diffa ya iso. Babandi direba ne ya kawo shi a leda, yana ta warin busasshen kifi. Shekara uku ke nan muna wannan musayar, gidan talabijin ɗinmu na garin Lafiya da wani a Nijar da wani a Kamaru. Kowa ya ɗauki al'adun yankinsa ya aika wa saura su nuna, ba talla ba kuɗi. Wata ƙungiyar Turawa ce ke sayen kaset da biyan mota, tun Disamba kuwa sun ce aikinsu ya ƙare, wai gwamnatocinmu su ɗora. Wace gwamnatin? Wadda ta bar mu muna karanta labarai da fitilar caji?

Litinin, 20 ga Janairu
Na nuna shi ranar Asabar. Yau wani dattijo, Alhaji Kyari mai shagon atamfa, ya zo ofis yana tambayar wadda ke shirin. Wai mahaifiyarsa Ya Falmata na kallo sai ta miƙe tsaye, ita da ko banɗaki sai an riƙa ta. Tsohuwar da ke waƙar niƙa a kaset ɗin Diffa ƙanwarta ce, Yagana. Tun da aure ya kawo Ya Falmata Lafiya kafin a ba mu mulkin kai ba su sake haɗuwa ba, har sadakar mutuwarta ta yi.
Na kai wa manajanmu Oga Raymond labarin da ɗokina. Ya ce, "Madam Nana, ya yi kyau. Wa zai biya?" Allah ya ba ni haƙuri da mutumin nan.

Alhamis, 30 ga Janairu
Mun je gidansu ni da Terseer mai kyamara, da sabon kaset ɗaya tilo da ya rage daga na Turawa. Ashe waƙar ta mutum biyu ce, ɗaya ta bayar ɗaya ta amsa. Shi ya sa Yagana ke yin shiru a tsakanin baiti, ni kuwa na zaci numfashi take yi. Gurbin yayarta take bari. Yau Ya Falmata ta cike guraben nan kaf, da Barbarci, tana kallon kyamara kamar ƙanwar na zaune a ciki. Ta ce min, "'Yata, ki tabbata ta ji." Na ce in sha Allahu.
Na ɓalle kunnen kaset ɗin a gabanta. In aka ɓalle shi inji ba ya yarda a ɗauki wani abu a kai.

Talata, 4 ga Fabrairu
Kaset ɗin Diffa ya wuce Kamaru, layinsu ne.
Terseer ya ba ni ajiyar nasa kaset ɗin: wasan kwagh-hir na mutanensu Tibi, da 'yan tsana da kiɗa, wanda ya ɗauka a ƙauyensu bayan Agyaragu kafin kakansa Iortyer ya rasu. Tsohon ne ya sassaƙa komai, shi ne kuma ke ba da labarin. Watan Afrilu za mu aika da shi. Na kulle shi a lokata, akwatin ajiyata na ofis. Ya ce, "Anti Nana, loka naki ne kawai ɓera mai ƙafa biyu ba ya shiga."

Jumma'a, 21 ga Fabrairu

Na bar kaset ɗin Ya Falmata a ɗakin tace hoto saboda an ɗauke wuta ina tsakar aiki. Yau na sa shi, sai ga wani ɗan takara a kan mota yana ɗaga hannu, 'yan banga na ihu. Na tura gaba, shi ne. Na dawo baya, shi ne. Sun liƙe ramin kunnen da salatif sun ɗauki kamfe a kai. Ba kuskure ba ne, sai da mutum ya ga an ɓalle, ya karanta sunan tsohuwa da na rubuta da jan biro, ya nemo salatif ya yanka.
Na faɗa ofishin Oga ko sallama babu. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na dai ce masa gidan nan na jama'a ne, don irin su Ya Falmata aka gina shi, ba rumfar haya ba ce. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Madam, sabbenshan bai zo ba, gwamnati ba ta turo ko kwabo ba. Dizal da ya nuna firogiram naki, mutumin nan ne ya saya. Kaset kaset ne."
Kaset kaset ne. Allah ya isa.

Litinin, 24 ga Fabrairu
Na ce wa Oga to a ba ni kaset ɗin in goge kamfen. Ya kulle a durowa, wai an biya a riƙa nunawa har zaɓe.

Laraba, 26 ga Fabrairu
Na zaga kasuwa neman sabon kaset, a banza. Irin wanda ake sa finafinai ne kawai, mutanen Nijar kuwa sun taɓa dawo mana da irinsa, injinsu ba ya karɓa. Namu sai Legas. Duk kaset ɗin da ke gidan nan yanzu da fuskar ɗan takara a kansa.
Babandi ya ce Asabar zai tashi, kuma can Diffa sun gaya masa in ba su ga saƙo daga Lafiya wannan karon ba za su ba da filin ga wani shiri. Su ma yunwar ce.
Alhaji Kyari ya tare ni a bakin titi ina neman acaɓa. Jikin Ya Falmata ya yi tsanani, ba ta cin komai sai kunu, kullum tambayarta ɗaya, ko Yagana ta ji? Na ce masa saura kaɗan. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhamis, 27 ga Fabrairu
Na buɗe lokata sau ba adadi yau. Ban taɓa komai ba. Ni ba Raymond ba ce.

Jumma'a, 28 ga Fabrairu
Mun koma wajen Ya Falmata. Na ce mata hoton farko bai fito da kyau ba. A jingine da matashi ta yi, muryar ta shaƙe, amma ba ta tsallake baiti ko ɗaya ba. Terseer ya durƙusa a ƙasa don ya samo fuskarta sosai, na ga yana share ido da kafaɗa. A hanya yana ta murna. "Anti, Allah ya yi. Ina kin samu sabon kaset a garin nan?"
Na ce kaset kaset ne, ya kula da hanya.

Asabar, 1 ga Maris
Babandi ya tafi da shi. Da hannuna na sa a leda biyu. Yagana za ta ji.
Ai kakan Terseer ya riga ya rasu, ita kuwa da ranta. Haka nake ta gaya wa kaina. Takardar da na ɓamɓare daga jikin kaset ɗin, mai sunan Iortyer, na cikin jakata tare da ragowar salatif, na kasa yarwa.
Terseer ya ce ya gaya wa mutanen ƙauyensu su shirya, a Afrilu har Kamaru za a ga Baba. Ya tambaya yaushe za mu fara tacewa. Na ce sai bayan zaɓe.
Na haɗu da Oga Raymond a baranda. Ni na fara gaishe shi.