Nana ta ƙirga ƙafafun shanu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Roni lafiya lau, Inna ma ta ji sauƙi.

Albishirinki, 'yarki Nana ta daina kuka in an ce lissafi. Malamarsu ce ta ara mata littafi mai hotunan dabbobi, yana koya musu "sau" cikin wasa. Jiya da Baffa ya dawo daga kiwo ta tare shi ta ce, "Baffa, shanu bakwai sau ƙafa huɗu, ashirin da takwas." Tsohon ya bi su da sanda yana ƙirgawa, ya juyo yana dariya ya ce, "Gaskiyarta."

Ki sa ta a addu'a, jarrabawa ta kusa. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi