Lambobin da Aka Toshe

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Saura sati ɗaya mu miƙa fassarar manhajar waya, kaina kamar ya fashe. Pindar, shugaban aikinmu, ya kafe a kan "katange", ni na ce "toshe". Wa ke cewa na katange lambarsa a garin nan? Ya ce to in gwada a hannun wanda bai jin Turanci, abin da ya gane shi za mu sa.

Laraba, 7 ga Mayu

Na mayar wa Mama wayarta Hausa, da fassararmu ta gwaji. Murna kamar yarinya! Karatun yaƙi da jahilcinta ya yi rana. Tana bin harafi da yatsa: sai-ti-na, ƙa-ra-rra-wa. Ta ce, "Humaira, ashe abin nan yana magana, ni ce ban ji." Shekara da shekaru Baba ne ke danna mata komai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Innalillahi.

Gobe zan rubuta.

Juma'a, 9 ga Mayu

Bari in rubuta, ko zan yarda ya faru.

Jiya bayan la'asar ina tsakar gida da kwamfuta, Mama ta fito da waya. "Wannan fa, lambobin da aka toshe, toshewa irin ta kwata?" Na yi dariya, har na ɗauko biro in rubuta cewa ta gane. Na ce eh, wanda ke ciki ko ya kira ba zai shigo ba. Ta danna.

Babakura. Sunan yayana ne a sama. Ƙarƙashinsa wasu lambobi uku marasa suna.

Shekara huɗu ke nan da ya auri Dorothy, nas ɗin nan 'yar Biu, Baba ya ce kada wanda ya sake nemansa. Muka bi. Amma Mama kullum cewa take, "An hana ni kiransa, shi wa ya hana shi kirana?" Da sallah ba ta ajiye wayar, ko banɗaki da ita take shiga. Ni har zaginsa na yi a raina.

Ta karanta sunan sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ina wajen buɗewa?"

Ni na fassara maɓallin. Na kasa nuna mata, da kanta ta gano.

Asabar, 10 ga Mayu

Da Mama ta kira lambobin, ta ƙarshen ce ta shiga. Yana Jos. Da ya ji muryarta sai na ji wani irin sauti, ban taɓa jin namiji ya yi shi ba. Suka koma Kanuri, kuka ya cinye rabi. Abin da na tsinta: duk layin da ya saya, sau ɗaya yake shiga, Baba ya ɗauka, shi ke nan. Yayana ya zaci da saninta ake toshe shi. Ya yi 'ya, ya sa mata Kellu, sunan Mama. Har tana gudu.

Lahadi, 11 ga Mayu

Baba bai musa ba. Wannan ne ya fi girgiza ni. Yana shan shayinsa ya ce, "Don hutunki na yi, Hajiya. Hawan jininki." Mama ta ce, "Alhaji, ka ga ina kwana da wayar a ƙarƙashin filo." Ya ce ya gani.

Ya gani!

Mutumin da ya kai ni jami'a a bayan kekensa, duk unguwar Lamisula na masa dariya. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Da ya juyo kaina bai ɗaga murya ba. "Aikin naki ke nan?"

Litinin, 12 ga Mayu

Mun miƙa. Pindar ya kira yana tambayar sakamakon gwaji. Na ce "toshe" ta zauna. Ya ce ina hujja? Na ce an gane ta sarai. Ya ce muryata ba daidai take ba, na ce zafi ne.

Mutum nawa ne za su buɗe shafin nan ranar da Hausar ta fita? Me za su tarar?

Alhamis, 15 ga Mayu

Mama ta sa an saya mata turaren wuta da busasshen kifi, wai za ta Jos ranar Asabar. Ba izini ta nema ba, sanarwa ta yi. Baba ya dube ni kamar ni zan hana. Na ci gaba da tsince shinkafa.

Ɗazu ya ɗauki wayarta a kan tabarma, ta ƙi buɗuwa. Da yatsanta take buɗuwa yanzu, ita ta ce in sa mata. Ya kira ni, ya ce in cire.

Na ce masa ban iya ba.

Na kai masa shayinsa a kan lokaci, kamar kullum. Ba wani abu ba ne.