Rijiyar Baba

Yaya Likita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Jikin Mama dai jiya-i-yau: amai, murɗawar ciki, abinci sai an lallaɓa ta. Na ba direba gorar ruwan rijiyar da kika ce a aiko a gwada. Amma ku ma'aikatan asibiti akwai zargi! Rijiyar da marigayi Baba ya haƙa, ruwa garau, duk layi na sha kyauta? Kuma ni da kaina nake tafasa wa Mama nata kowace safiya kafin in buɗe shago.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Ina gaishe ka, ka gaida Mama. Sakamako ya fito, kuma hankalina ya tashi. Akwai antimoni a ruwan, wani ƙarfe da ake haɗawa da dalma a cikin batirin mota. Ido ba ya ganinsa, tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi idan ruwan ya ƙone. Yana ɓata ciki, in ya daɗe ya taɓa hanta da zuciya. Kada kowa ya ƙara sha.

Auta, ba faɗa nake ba. Idan ka fasa tsofaffin batiran da kake gyarawa, ina kake zubar da ruwan wankinsu?

Yayarka

Yaya,

Sallama. Kwana uku ina juya takardarki. A ramin bayan katanga nake zubarwa, taku goma daga rijiyar. Shekara shida. Ni a ganina tsabta nake yi, kada yara su taka a titi. Ashe da hannuna nake dafa wa Mama ciwo, har ina hura mata ya huce.

Na durƙusa na faɗa mata, ina jiran zagi. Sai ta ce, “Tashi ka miƙo min mayafina. 'Ya'yan mutane na sha.” Da wannan jikin ta bi layin gida-gida, ni ina biye kamar ɓarawon da aka kama. Duk inda muka shiga cewa take, “Rijiyarmu ce ta lalace.” Ko sau ɗaya ba ta ambace ni ba. Wallahi da dukana ta yi, da ya fi min sauƙi.

Auta

Auta,

Gobe ka kawo Mama gwajin jini, da yaran maƙwabta. Kai ma ka nannaɗe hannun riga, ruwan nan kake sha. Mama ta ce tun ranar ba ka ci abinci ba. Ka ci kafin ku taso.

Yayarka