Ana Kiran Sunana Ina Zaune

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya mai gidan, ya yaran? Ya ƙafar Umma, kumburin ya sauka? Ki gaishe min da ita sosai.

Na ga saƙonki, wai jami'a ta sa Aku girman kai har ta daina ɗaga waya. Haba Yaya! Ni da kuka laƙaba wa Aku saboda surutu, ni zan guji hira? Tun zazzaɓin nan da ya kwantar da ni bara kunnena na dama ya tafi, na hagun ma yana bin sahunsa. In na ɗaga wayarki sai in ji kamar daga cikin rijiya kike magana. Shi ya sa na koma takarda.

Ajinmu babban zaure ne, fankoki na ta ƙugi, malami ya juya yana yi wa allo bayani, ni kuwa sai kallon ƙeyarsa. Sakamakon zangon da ya wuce ya yi muni har an ba ni gargaɗi. In na sake faɗuwa za a sallame ni, ni da nake cika baki zan zama lauyar gidanmu.

Na je wurin malamin da aka haɗa mu da shi don ya riƙa ba mu shawara kan karatu. Dattijo ne mai kirki, sai dai ɗalibai sun yi masa yawa. Yana magana fuskarsa na kan kwamfuta, ga gashin baki ya rufe leɓe, ta ina zan kama zancen? Dole na ajiye kunya na gaya masa. Ya juyo da kujerarsa, ya yi min bayani a hankali. Ashe akwai ofishin tallafa wa ɗalibai. In ma'aikaciyar ofishin ta gan ni ta amince, za a ba ni kujerar gaba, a riƙa ba ni darasi a rubuce, jarrabawar baka ma a mayar min ta rubutu. Shi ba shi da ikon yin haka, sai su.

Raina ya ɗan yi sanyi. Don Allah kada ki gaya wa Umma tukuna, ki bari in gyara abina.

Taki har kullum,
Aku

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da kika ce Umma ta fara takawa zuwa ƙofar gida. Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni kam abin dariya ne ya same ni, irin wanda ake yi ana hawaye. Ofishin nan falo ne mai dogayen bencina, da wata taga inda mata ke karɓar suna, da ƙofa rufaffiya. Tsarinsu shi ne ka zauna, in layi ya zo kanka a ƙwala maka kira daga ciki. Wanda bai amsa ba, bai zo ba ke nan.

Ranar farko na gaya wa matar taga ba na ji sosai. Ta ce kada in damu, za ta yafuto ni da hannu. Na kafa mata ido har wuyana ya ƙage. Da rana ta yi ta ɗauki jaka ta tashi, wata ta zauna a gurbinta. Aka watse ina zaune. Da na tambaya, sabuwar ta ce ai an yi ta kirana har an gaji.

Karo na biyu na yi sammako na zauna a jikin ƙofar, kunnen hagu na manne da katako. Ashe sun sami ci gaba, an maƙala lasifika a rufi! Ni abin da nake ji kawai ƙara ce, kamar ana soya abu a ɗaki na uku. Na roƙi wata ɗaliba ta saurara min. Baiwar Allah ta yarda, amma aka riga kiranta, kuma ta wata ƙofa ake fita.

Na koma taga raina a ɓace, har muryata ta tashi ban sani ba, don yanzu ba na jin ƙarfinta. Kowa ya juyo yana kallona. Matar ta ce ba a yi musu tsawa a nan, kuma duk wanda ya yi ta saɓa alkawari sai ya jira zango mai zuwa. Na koma wurin malamina, na tarar ya tafi taro. Da ya dawo ya buga musu waya a gabana, na ga yana ta roƙo, daga baya ya ajiye wayar ya girgiza kai.

Jarrabawa ta ƙarato. Ina karatu iya ƙarfina, amma wallahi tsoro nake ji, Yaya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Aku

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ya jikin Umma?

Ba zan ja ki da nisa ba. An sallame ni.

Jarrabawowin rubutu na tsallake su da ƙyar, ta baka ce ta kayar da ni. Malamai na zaune can ƙarshen wani dogon teburi, suna jefo tambaya, ina cewa a maimaita, har na ga ɗaya ya duba agogo. Abin da ya fi ci min rai, duk na san amsoshin. Da na fito wata ta gaya min tambayoyin, na tsaya a baranda na zuba mata su tiryan-tiryan.

Na ɗaukaka ƙara, aka kira ni gaban kwamiti. Malamina ya tsaya min, Allah Ya saka masa. Amma ofishin tallafi sun shaida cewa an ba ni dama ban je ba, kuma a wurinsu gaskiya suka faɗa. Shugaban ya karanta hukunci kansa a sunkuye. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ya ɗago na yi murmushi na ce na gode. Sai da na ga malamina ya cire tabarau yana murza ido na gane.

Na je wurin likita, ya ce kunnen hagun ma ba zai daɗe ba. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na fito.

Na haɗa kayana, ran Asabar ina tafe. Yanzu kam ki gaya wa Umma komai kafin in iso, ni ba zan iya ba. Na santa, shiru za ta yi, ta ce haka Allah Ya so. Ki roƙar min ita kada ta yi min shirun nan. Ta yi faɗa, ta yi addu'a, ta yi duk abin da ta ga dama, amma ta matso ta gefen hagu ta ɗaga murya. Ina so in ji muryarta tun da sauran.

Ki shafa min kan yaran. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Aku