Ni Na Koya Miki Wanke Ragar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga ofishin Babban Injiniya, mai kula da sanyin ɗakunan manya tun daga Talatar Mafara har Bakura da Maradun, zuwa ga Taibatu ɗiyar Alhaji Jafaru, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiya ranar kasuwa, koren shinkafar Bakolori bayan an saki ruwa, sanyin idon wanda ba a tambaya ba. Gaisuwa mai tarin yawa. Ina gajiya, ya Hajiya, ya ƙarfin jikin Alhaji? A gaida Yaya Manu, duk da abin da ya yi mana.

Bayan haka, labari ya iso mana cewa esin falon Hajiya, injin sanyaya ɗakin nan, ya daina ciwo. Ba mu ji daɗin wanga labari ba ko kaɗan. Da can inji ne mai ladabi. Ƙurar titi da ƙaiƙayin gero su toshe ragar da ke tace masa iska, ya dinga huci kamar jakin da aka yi wa lodi, sai Hajiya ta ce a kira mai gyara. A yi masa iso, mata su gyara mayafi, ya shiga gidan da ko mai tallan atamfa ba ya wuce zaurensa. Aikin da bai kai shan shayi ba, bawan Allah ya ja shi har la'asar, don kawai ke ce mai kawo ruwa a bokiti.

Kin tuna ranar da kika riƙe mini kujera na hau? Kika ɗago waɗannan idanu masu kama da na barewa, kika tambaye ni mene ne a cikin akwatin esin. Wane tsautsayi ya sa ban ce sirrin sana'a ne ba? Kai ya kumbura, baki ya buɗe. Na nuna miki yadda ake ɗaga murfi, yadda ake zaro raga a hankali, a wanke ta da ruwa ba tare da an dirza ba, a shanya ta a inuwa kada rana ta lanƙwasa ta. Har da maimaitawa, kamar mai biya wa ɗalibi allo. Ke kuwa kika haddace a zama guda. Tun daga ranar ba a sake kirana ba. Akwai wawan da ya taɓa toshe wa kansa ƙofa da hannunsa irina?

Da na ji ragar ta yage, sai da na yi sujada. Na sa aka kawo sabuwa daga Gusau, na saka shaddar sallata, na zuba turaren da har mai acaɓa ya yi atishawa. Yaya Manu ya tare ni a zaure, ya karɓe ragar, wai Taibatu ta iya sawa. Ina tsaye waje a rana na jiyo ƙarar rufe murfin, ƙwas, da dariyarki a bayansa. Iskar da kuke sha a ciki tatacciya, ni tawa ƙurar titi ce.

Ya zinariyata, dariyar nan ce ke kashe ni. Na faɗa miki a bakin famfo cewa ina sonki, kika yi dariya har ruwa ya zube. Na sani, ni ne na ce wa Hajiya esi ba ya son warin daddawa, ta yi ta girki can ƙarshen tsakar gida. To wanda ya saba wasa ba shi da zuciya ne? Ba ya ramewa? Har yaushe zan dinga zagaya katangarku ina sauraron injin esin da ke waje, ina roƙon Allah ya sa ya yi tari?

Ga maganar da babu wasa a cikinta. Maigidana ya buɗe shago a Gusau, yana son in je in riƙe masa, ranar Talata zan ba shi amsa. Na roƙi Kawu Shamsuddeen ya je ya ga Alhaji kan maganar aurenki, ya ce shi ba zai saka babbar rigarsa a kan shaƙiyancina ba, sai in magana ta fito daga gidanku. Ki duba, har kawuna bai yarda da ni ba. Kalma ɗaya za ki faɗa wa Hajiya, ita ta san yadda za ta isa kunnen matar Kawu. In ta isa, na zauna Mafara, in dinga tace miki iskar duniya har ƙarshen numfashina. In shiru ne, na shiga mota, kuma ko a can babu wadda zan koya wa komai.

Babu wani Babban Injiniya, Taibatu, babu ofis, a kan tsohon firij na rubuta wagga takarda. Na san in kika ga sunana a sama za ki fara dariya ki ajiye ta. Yanzu kin kai ƙasa, ki yi dariyarki, amma ki yi magana kafin Talata.

Naki yau, naki gobe, ko kin yarda ko ba ki yarda ba,
Fa'izu mai gyaran esi.