Gorar Tofin Malam

Talata, 6 ga Agusta

Malam Nu'uman ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya jiyan nan fa ya wuce ta ƙofar gidanmu da lemarsa, ina tuƙin tuwo, ko leƙawa ban yi na gaishe shi ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Allah ka yafe min. Duk Daura kukan Malam ake, ni hankalina na kan gora. Tun da aka ce Hadiyyata sikila gare ta, shi ke mata tofi a ruwa, ta sha, in shafa mata a ƙafa. Kullum sai ya ce, "Maman Hadiyya, ƙwayar asibiti a gaba, nawa a baya." Gorar ƙarshe ce a hannuna, ko rabi ba ta kai ba. Ga damina, ita kuwa sanyin ruwa ke tayar mata da ciwon.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na ƙara ruwan randa a gorar. Kaɗan. Ai albarka ba ta tsinkewa, ko? Wanda zan tambaya shi ne ya tafi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Talatu maƙwabciyata ta shigo da labari. Wai Badaru, wanda ke riƙe wa Malam buta, ya koma wani ƙauye bayan Baure, wai Malam na zuwar masa a mafarki. Yanzu ma wai har daga sama ake saukar masa da saƙo. Na ce Talatu ki ji tsoron Allah, annabta ai an rufe. Ta ce, "Wa ya ce miki annabi? Ni dai mutane na warkewa. Ke zauna kina tsarma ruwa kamar mai tallan nono." Ashe ta gan ni.

Baban Hadiyya na kudu da shanu. Na ɗan taɓa masa maganar a waya, ya ce kar in kuskura.

Asabar, 17 ga Agusta

Na je.

Mata cike da tsakar gida, Badaru ya fito aka zube ƙasa, wata na cewa ya ma'aikin zamani. Rawanin Malam ne a kansa, har ɗan tarin nan na Malam yake yi kafin magana. Ya ce, "Malam na gaishe ki. Ya ce a ajiye ƙwayar asibiti, ita ke tare tofin." Na ce ai Malam cewa yake a fara da ƙwaya. Ya ce, "Wancan yana duniya ne. Yanzu ya ga abin da da bai gani ba."

To ni me na sani game da can?

Talata, 20 ga Agusta

Ban ba Hadiyya ƙwayar ba. Ta ce Umma yau ma babu magani? Na ce ya ƙare. Yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado.

Juma'a, 23 ga Agusta

Jikinta zafi, idonta ya yi rawaya. In na ba ta na ƙaryata Malam. In ban ba ta ba... Ko sallata ban san raka'a nawa na yi ba.

Litinin, 26 ga Agusta

Asibiti muke. Asabar bayan la'asar abin ya tashi, tana ihu ƙafata Umma, ƙafata. Na juye mata gorar duka. Ina juyewa na san ruwan randata ne zalla. Talatu ta kira Badaru a waya, ya ce jarrabawa ce, a ƙara haƙuri. Ban san sanda na goye ta ba, ƙatuwar yarinya, ƙafafunta na dukan gwiwata, na tare mai babur ko mayafin kirki babu.

Maleriya ce ta tayar mata da ciwon. An ƙara mata jini. Nas ta ce, "Hajiya, tana shan maganinta kuwa?" Na kalli ƙasa.

Babanta ya taso. Ban san me zan ce masa ba, amma zan faɗa.

Litinin, 2 ga Satumba

Mun dawo gida. Shekaranjiya Talatu ta leƙo wai mu je Baure, na ce wanki gare ni. Ta ce, "Ke kika sani." Har yanzu in na ji an yi tari a zaure gabana faɗuwa yake.

Ɗazu na ba Hadiyya ƙwayarta. Ta riƙe kofin ta ƙi sha, ta ce tofin fa? Na waiga, babu kowa. Fatiha da Ƙulhuwallahu, su na iya sosai. Na karanta, na tofa. Ta shanye ta yamutsa fuska, wai nawa ya fi na Malam yawu.

Allah ya jiƙan Malam. Gorar na wanke ta na zuba man gyaɗa. Ba wani abu ba ne, tawa ta mai ce ta fashe.