Na Bar Baba Yana Gogar Fiffiken da Ba Zai Tashi Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma ban bar kaina ya huta ba.

Ni mutumin Katsina ne, shekarata shida a Makka ina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a wani otal. Ɗakina yana unguwar Tandabawi, ni kaɗai. Abokan aikina ba Hausawa ba ne, sai in yi kwana biyar ban yi Hausa da kowa ba, alhali kullum ina kutsawa cikin dubban mutane. Duk Asabar nakan tafi bayan Jidda koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama, don tun ina yaro ciwon ke cina. A can na ga wani jirgi mai kujera biyu, ƙaramin fiffikensa a gaba, farfelarsa a baya, kamar an haɗa shi a baibai. Malamina, wanda muke kira Kyaftin, ya ce irinsa mutum ke haɗawa da hannunsa a gida, da soso da gam da faiba, irin wadda ake yin tankin ruwa da ita. Ko ka sayi zanen ka yi shekaru kana ginawa, ko ka sayi wanda wani ya gama. Ni da rawar kai, na sayi zanen.

Neman wanda ya san faiba ya kai ni unguwar Nakkasa, wurin wani dattijo mutumin Maraɗi da zan kira Baba. Shekara talatin yana yin tankunan ruwa. Ya daɗe yana juya zanen, sannan ya ce, "Ya waladi, ɗana, wanda ya zana wannan lafiyarsa ƙalau kuwa? Jirgi da wutsiya a goshi?" Amma shi ya share min rabin rumfarsa. Duk Juma'a bayan masallaci muna yanka soso, muna shimfiɗa faiba, ya dafa mana shinkafa da wake, ya yi ta tsokanata wai direban sama da bai iya riƙe almakashi ba. Wallahi duk mako wannan yinin kaɗai nake jira.

Lokacin aikin Hajji otal ya riƙe ni mako uku. Da na koma sai Baba ya yaye wani zani yana murmushi: ya gama fiffiken gaba shi kaɗai, don ya ba ni mamaki. Na duƙa ina duba shi. Gam ɗin jirgi da sikeli ake auna shi, ba a ƙara ɗigo, ba a ragewa, kuma ba a aikinsa cikin tsananin zafi. Na ce, "Baba, kun auna kuwa?" Ya ce, "Sikeli? Shekara talatin idona ne sikelina, tankina bai taɓa yoyo ba." Na yanki ɗan gefe a ɓoye na kai wa Kyaftin. Ya danna farce, farcen ya shiga. Ya ce wannan fiffiken shi ke riƙe hancin jirgi, in ya karye a sama babu sauran magana. Ko in sake shi daga farko, in kuma binciki duk abin da muka yi tare, ko in haƙura in sayi na wani tsohon matuƙi da ya daina tashi, wanda an gwada shi shekara da shekaru.

Juma'ar da ta biyo Baba ya tare ni tun daga bakin rumfa. "Me Kyaftin ya ce?" Na dubi hannuwansa da faiba ta cinye, na ce, "Ya yaba, Baba. Ya ce aikin gwani ne." Ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Na je na ga jirgin tsohon matuƙin har sau uku, na zauna a ciki, raina ya kwanta da shi, amma na kasa cewa na saya, na kuma kasa cewa mu sake gini. Duk Juma'a sai in zauna ina kallon Baba yana goga wannan fiffike da samfefa, farar ƙura tana hawa gemunsa, yana tari, ni kuma ina cewa saura kaɗan. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Da ina gaya wa kaina tausayinsa nake ji. Ƙarya ne, kuma kunyar wannan ta fi damuna. Tsoro nake. In na sayi gamammen jirgi, me zai kai ni Nakkasa? In na faɗi gaskiya ya yi fushi, wa zai sake ce min "ka ci abinci kuwa?" a garin nan? Na riƙe dattijo da ƙarya don kada in koma cin abinci ni kaɗai a gaban bango.

Watan jiya 'yarsa ta kira ni daga Maraɗi, ban ma san tana da lambata ba. Ta ce, "Yaya, don Allah yaushe jirgin nan zai tashi? Tun bara ya kamata Baba ya dawo gida gaba ɗaya, ya ce ba zai bar ka da aiki a rabi ba. Inna ba ta da lafiya, kullum sai ta tambaya, ga jikoki uku bai taɓa gani ba." Na ce mata in sha Allahu an kusa. Ita ma na yi mata ƙaryar. Ikamarsa, wato takardar zamansa, za ta ƙare nan da mako biyar, kuma ya riga ya gaya wa kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa, a sabunta masa shekara guda. Saboda ni.

Na yi niyyar faɗa masa Juma'ar da ta wuce, har na haddace kalmomin a mota. Muna cikin cin abinci na ce, "Baba, akwai magana." Ya ɗaga hannu ya ce, "Kalas, ya isa, na san abin da ke ranka, tsoron ranar farko kake ji. To ka kwantar da hankalinka. Ranar da za ka tashe shi ni zan zauna a kujerar baya. Ni na yi fiffiken nan, ba zan bari ka hau shi kai kaɗai ba." Na ce masa to.

Jama'a, in na yi shiru zai ƙara shekara nesa da matarsa marar lafiya, a kan abin da na san ba zan taɓa bari ya bar ƙasa ba. In na yi magana zai san aikin da ya fi alfahari da shi ya lalace, kuma wanda yake kira ɗansa ya daɗe yana kallon idonsa yana masa ƙarya. Ko ta yaya zai tafi, ni kuma in koma yadda nake. Jibi Juma'a, zai dafa abincin mutum biyu. Don girman Allah, me zan yi?